Damanar da Baba Bai Koma Gona Ba

A shekarar da 'yan bindiga masu babura suka hana mutane zuwa gonakin arewacin Filinge, ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko ta cikin gari. Gandunmu yana can, tafiyar hantsi a kan jaki. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ruwan shuka ya iske Baba a gida ba. Wannan karon ma ya shuka, ya yi noman fari, sai aka tare maƙwabcinsa a hanya, aka ƙwace masa amalanke da shanu, aka ce ya gaya wa saura kada a sake ganin ƙafar kowa. Daga nan Baba ya zauna.

Zaman bai karɓe shi ba. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma faɗa da Inna a kan gishirin miya. In hadari ya haɗo sai ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon arewa har ruwa ya jiƙe shi. Ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora masa turmi. Na kai shi gidan likita, majo, wato malamin asibiti, ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage tunani.

A hutun baya an kai mu Yamai wani horo na malamai, inda wata mata ta koya mana abin da za mu yi wa yaran da suka gudo daga ƙauyuka don kwantar musu da hankali. Mutum ya zauna, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya riƙe kaɗan, ya sake shi ta baki, ya bar hankalinsa a kan iskar kawai. In tunani ya zo, kada ya yi kokawa da shi. Ni kaina nakan yi kafin in shiga aji, kuma yana kwantar mini da gaba.

Na daɗe ina jin nauyin gaya wa Baba. Wata ranar kasuwa, bayan la'asar, na same shi a gindin itacen bedi yana gyaran ƙotar hauyar da ba abin da ya same ta. Na durƙusa na yi masa bayani. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, tun ran da anka haihe ni nike lumfashi, ba wanda ya koya mini."

Duk da haka ya ajiye hauyar ya rufe ido, don kada ya kunyata ni. Na ga kafaɗunsa sun sauka, hannunsa ya saki gwiwa. Da ya buɗe ido ya ce ya ɗan ji sanyi, kamar mai ƙishirwa da aka jiƙa wa leɓe. Na yi murna fiye da kima.

Ya ci gaba da yi bayan sallar la'asar, in ya gama tasbihi. Faɗan ya ragu, Inna har ta sa mini albarka. Amma da kaka ta yi, wani makiyayi da ya biyo ta wajen ya kawo labari cewa geronmu ya nuna da kyau, zangarniya kamar damtse, tsuntsaye da dabbobi suna ta sha'aninsu. Ran nan na zauna kusa da Baba na ce mu gwada. Ya rufe ido, can sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

"In na yi shiru, gonar nike gani," ya ce. "Bar ni da hayaniyata."

Ban sake yi masa maganar ba. Ƙannena biyu suka tafi neman zinariya, rumbu ya zauna wayam, muka koma awo a kasuwa. Da bazara ta zo mutane suka fara zancen ko bana hanya za ta buɗe, Baba bai sa baki ba. Wata safiya na shigo gida na tarar da Inna tana surfe, tana yi tana share ido da bakin zane. Na tambaye ta inda aka samu gero. Ta ce irin shukar da aka adana ne, Baba da kansa ya sauko da shi ya ce a yi fura.