Maharazu Mai Niƙa da Mutanen Beljiyam

A Yalwawa, a ƙarshen wani layi da ke fuskantar duwatsu, akwai rumfar kwano da injin niƙa a ciki. Mai injin sunansa Malam Maharazu. Mutumin Buji ne, ya shigo Dutse a shekarun da aka yi jiha, lokacin da kowa ke shigowa, kuma tun daga nan yake niƙa wa matan unguwa gero da dawa da masara. Garin hatsi ya daɗe da zama a girarsa da gemunsa, har ba wanda ya san ranar da furfurar gaske ta fara fitowa.

Yayansa Misbahu ne silar abin da aka san shi da shi. Ya sayo tsohuwar mota irin wadda ake kira Beljiyam, aka tarar da kaset a maƙale cikin rediyonta. Misbahu ya kunna, ya saurara kaɗan, ya yanke hukunci cewa rediyon ya lalace. Da makanike ya zaro kaset ɗin, sai aka miƙa wa Maharazu ya yar. Shi kuwa ya sa a aljihu ya kai gida.

Waƙa ɗaya ce ta cinye fuska guda ta kaset ɗin. Da sarewa take farawa, can nesa, kamar makiyayi a bayan dutse. Sai ganga ta shigo tana ɗingishi. Da ka sa ƙafa za ka bi ta, sai ta sake hanya. Jita ta yi kuka, ta gaji, ta bar wa wani abu mai kama da iska a cikin rijiya. Mai waƙar ba ya buɗe baki sai an yi nisa, kuma ko ya buɗe ba ya daɗewa. Maharazu bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ce a ranar ya ga wani gari mai hazo da gada da fitilu a kan ruwa, alhali iyakar tafiyarsa a duniya Kano. Rubutun jikin kaset ɗin ya goge, don haka ya raɗa wa makaɗan suna Mutanen Beljiyam.

Unguwa ta ɗauki abin da haƙuri. Abu ɗaya ne ya dame ta, shi ne wanda ake yi wa waƙar. Malam Abdurrahman, mai makarantar allo ta layin, ya taɓa tsayawa ya tambaya. Maharazu ya ce, Allah gafarta Malam, ba kowa ake yi wa ba. Malam ya ƙara saurara, ya ce wannan ba zai yiwu ba. Waƙa mai tsawo haka, ko dai mutumin babban attajiri ne, ko kuma marowaci ne da ya ƙi sallamar makaɗa. Matarsa Kubura kuwa nata ra'ayin gajere ne. Ta ce kiɗan da ba a rawa da shi, ba a daka da shi, ba a lallashin yaro da shi, ita ba ta san aikinsa ba.

Kaset ɗin ya tsufa a hannunsa. Rikoda ta tauna shi ya warware da biro, ya tsinke ya liƙe da jan farcen Kubura, sautin ya riƙa dushewa shekara bayan shekara. Sai da autarsa Afra'u ta shiga jami'a aka gano asalin mutanen. Ta kara wayarta a bakin rikodar, wayar ta faɗi sunansu. Ashe ba 'yan Beljiyam ba ne, sun watse tun kafin a haife ta, biyu daga cikinsu ma sun mutu. Ta ce Turawa na kiran irin kiɗan furogiresif rok. Maharazu ya karɓi labarin kamar wanda aka yi wa rasuwa a dangin nesa, kuma bai sake musu suna ba.

Kafin ta yi aure ta tare a Garki, Afra'u ta zuba masa duk fayafayensu a memori, har da waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a. Nan Maharazu ya zama masani. Yakan ce faifansu na farko ɗanyen gero ne, da ƙamshi amma bai gama bushewa ba. Na ukun shi ne magana. Bayan mai gangarsu na asali ya tafi, suka kawo wani wanda ba ya kuskure, kuma a wurin Maharazu wannan ne aibinsa. Fayafayen ƙarshe, da suka gajarce waƙoƙi don gidajen rediyo, ba ya zaginsu. Cewa yake kowa yana da iyali.

Amma na gaban jama'a ya fi so, kuma a cikinsu akwai wanda ya fi kowanne, wato waƙar nan ta tsohon kaset ɗinsa. In ya kashe inji bayan La'asar, yakan zauna a dakalin ƙofar gida da 'yar rediyonsa, duwatsu na sauya launi a gabansa. A tsakiyar waƙar akwai wurin da komai ke tsayawa. Dubban mutane su yi tsit, sarewa ta rage kamar zare, sai can a baya wani mutum ya yi tari sau ɗaya. Maharazu ya fi son tarin nan da rabin fayafayen. A ganinsa ma'aikaci ne irinsa, mai ƙura a ƙirji, wanda ya tashi daga aiki ya hau jirgin ƙasa ya zo, ya danne tarin iya ƙoƙarinsa don kunyar jama'a, sannan ya kufce masa. Duk yamma yakan jira shi kamar yadda ake jiran maƙwabci ya wuce a gaisa.

A daminar bara mutumin bai yi tari ba. Maharazu ya mayar da waƙar baya, ya sake, shiru. Da ya lura sai ya ga sarewar ma ta ragu. Bai yi mamaki ba, domin ya san yadda abin yake tun zamanin kaset: wurin da ka fi saurare shi ke fara cinyewa. Ya ɗauki memorin ya kai wa Saifuddeen, mai shagon tura waƙoƙi a kasuwa, ya ce a zuba masa a sabo, wannan ya suɗe.

Saifuddeen ya yi masa bayani cikin ladabi cewa memori ba ya suɗewa.

"Baba, ko shekara ɗari za ka yi kana ji, yadda yake haka yake."

"Ɗana, farantin inji ƙarfe ne, kuma gero ke cinye shi. Zuba mini kawai."

Aka zuba. Ya dawo gida da sabon memori, ya zauna a dakali, ya jira. Wurin ya zo ya wuce. Yana shirin komawa kasuwa ya ce an ba shi jabu, sai Kubura, da ke tsintar wake a zaure, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ga mutumin naka ya yi tari."

Ya tambaye ta yaushe. Ta ce yanzu, kamar kullum. Ya mayar baya, ya kafa mata ido, ta ɗaga yatsa daidai wurin. Daga nan sauran zancen ya fito: ta daɗe tana ɗaga murya in tana masa magana, matan da ke kawo niƙa ma haka, kowa ya ɗauka ya sani. A asibiti likita ya ce ƙarar inji ce. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, siraran sautuka ne ke fara tafiya, saura kuma za su bi in bai bar injin ba ko ya toshe kunne.

Barin inji ba ya cikin zance, da shi ake cin tuwo a gidan. Ya samo abin rufe kunne irin na masu fasa dutse, manya guda biyu kamar ƙoƙuna. Yanzu mata da yatsu suke nuna masa laushin da suke so. Unguwa kuma ta kammala cewa abin nasa ya yi nisa, har a bakin aiki Beljiyam yake saurare. Bai ƙaryata ba. Yakan ce a cikin ƙoƙunan nan ba komai sai wani gunji mai taushi, kuma waƙar takan zo da kanta ta hau kai, ba abin da ya ɓace a cikinta.

Da yamma kuwa Kubura ta koma fitowa da kujerarta bakin zaure. Har yau tana nan a kan ra'ayinta game da kiɗan. Amma in an zo wurin shirun takan faɗa masa abin da ke faruwa: sarewa ta sauka, ta sake hawa, ga tarin. Ran nan sai ta ƙara da cewa bayan tarin akwai wata mata da ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Maharazu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wannan waƙa bai taɓa jin wata mata ba, ya tambayi abin da ta ce.

"Turanci ne, ina zan sani? Amma daga jin muryar, cewa ta yi da ya ji maganarta ya je asibiti tun bara."

Saifuddeen ya saurara da na'urarsa, ya ce shi dai bai ji mace ba. Maharazu ya ce Saifuddeen bai yi aure ba tukuna. Tun daga ranar ya bar tausaya wa mai tarin yadda yake yi a da, domin ya gane ba shi kaɗai ya je wurin ba.