Waƙar da Ermelinda ta Zaɓa wa Jana'izarta

Ni ne magatakardan cocin garin San Isidoro del Alto, kuma duk wanda aka yi wa baftisma, ko aka ɗaura wa aure, ko aka binne a wannan gari, da hannuna na rubuta sunansa. A makon jiya na rubuta na Ermelinda Quiceno a shafin matattu. Layi ɗaya ake ba kowane mutum, layin kuwa bai ishe ta ba, shi ya sa na ɗauko takarda daban.

Ermelinda wainar masara take sayarwa a kusurwar dandali, inda motocin ɗaukar gahawa ke tsayawa. Tun tana budurwa take wurin da kaskonta da gawayinta. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya, Nubia. Ni na riƙe yarinyar ranar baftismarta, daga nan nake kiran uwar komadre, ita kuma tana kirana kompadre. Mace ce mai faɗa, mai tsabta, ba ta zuwa biki, kuma ta tsani kiɗan rawa. Idan direba ya tsaya kusa da kaskonta da rediyo a kunne, sai ya kashe kafin ta miƙa masa waina. Da wannan kasko ta kai Nubia makarantar jinya, yarinyar ta dawo ta kama aiki a ƙaramin asibitin garin.

A shekarar da coci ta samu kwamfuta ne mutanen dutse suka sauko da bindigoginsu suka tafi da Nubia. Suna da masu rauni, suna neman wanda ya iya ɗinkin rauni da yin allura. Muna kiransu mutanen dutse ne domin babu wanda yake son ambaton sunansu. Daga ranar babu labari. Ermelinda ta ci gaba da hura gawayinta kowace safiya, sai dai ta daina faɗa da direbobi, wannan kuwa ya fi kuka tayar mana da hankali.

Dole in faɗi yadda ofishina yake, don abin da ya biyo baya ya fito sarai. A kan hasumiyar coci akwai lasifikoki masu fuskantar dandali. Idan aka yi mutuwa, nakan saka faifan kiɗan makoki a kwamfuta, kiɗan ya fita ta hasumiya, sannan in karanta sunan mamacin. Saboda haka duk lokacin da kiɗa ya fito daga sama, mutanen San Isidoro kan ajiye abin da ke hannunsu su nufo coci. Wayar hasumiyar a jone take da bayan kwamfutar kullum, amma makunnin lasifikokin yana can cikin ɗakin da Fada, limamin cocinmu, yake sa kayan ibada. Manhajar da ke kunna faifai kuma ba ta jiran umarni: da ka tura faifai ciki, za ta buɗe kanta ta fara daga na farko.

Wata Talata, dab da tsakar rana, Ermelinda ta shigo ofis ta turo ƙofa da bayanta. Ta zaro faifai daga cikin rigarta, a naɗe da takardar da take naɗe waina.

Ta ce, "Kompadre, wani mutum ya ci waina biyu, ya bar wannan a ƙarƙashin faranti. Ya ce akwai muryarta a ciki, a tsakanin waƙoƙi."

Na ce, "Kin san shi?"

"Ban ɗaga kai na dube shi ba. Ya ce kunnena kaɗai. Ya ce idan wani ya ji, su ma za su ji cewa an ji, kuma ita za ta biya."

A lokacin, kaset kowa yake da shi. Wuri biyu ne kawai ake iya kunna faifai a garin: ofishina, da gidan wasan biliya na Arcesio. Shi kuwa Arcesio, kowa ya san abin da aka faɗa a gabansa da safe yakan isa dutse kafin yamma, ko da yake babu wanda ya taɓa furta hakan.

Na ce mata ina da abin sauraro na sawa a kunne, ita kaɗai za ta ji. Na tura faifan ciki, na sunkuya ina jawo akwatin tebur don in ɗauko shi. Ban san cewa a daidai wannan lokacin Fada ya kunna lasifikoki daga can ciki don addu'ar tsakar rana ba.

Sai kiɗa ya fashe a saman gari. Kiɗan rawa ne, da ganga da akodiyon, irin na mashaya ranar Asabar. Tagar ofis har rawa take yi. Na kai hannu kan linzamin kwamfuta na danna alamar tsayawa, kwamfutar ta yi nauyin da ta saba, mawaƙin ya samu ya rera baiti guda cur kafin ya yi shiru. Na fizge wayar hasumiyar daga baya. Da na ɗago, Ermelinda tana tsaye ta dafe bango, leɓunanta sun yi fari. Ta taga na hango mutane suna tsallako dandali.

Mai aski ne ya fara shigowa, da almakashi a hannu. Bayansa mata biyu daga shagon burodi, sai direbobi, sai Fada da littafin addu'arsa. Arcesio ya shigo a ƙarshe, yana tafiya a hankali, ya jingina da ƙofa.

Mai aski ya ce, "Don Evaristo, wa ya mutu? Ko dai wanda ya mutun ne ba a so, shi ya sa aka sa ganga?"

Aka yi 'yar dariya. Na san rubuta gaskiya a layi, amma ban iya ƙirƙiro ƙarya a tsaye ba. Idon Arcesio ya sauka kan takardar waina da ke kan tebur, daga nan ya koma kan Ermelinda.

Ya ce, "Doña Ermelinda, ke da faifai? Yaushe kika fara jin kiɗa?"

Ta saki bangon. Ta gyara ɗankwalinta, ta dube shi da irin kallon da take yi wa mai neman ragi.

"Ni ce zan mutu, Arcesio, in ba ka da wani aiki sai tambaya. Na zo zaɓar waƙar da za a raka gawata da ita. Na gaji da wannan kukan jakin da kompadre yake sa wa mutane."

A wajenmu ba baƙon abu ba ne mutum ya faɗi waƙar da yake so a bi akwatinsa da ita. Abin da ya ba mutane dariya shi ne mai zaɓar. Ɗaya daga cikin matan burodi ta ce, "Ke da kike kashe wa direbobi rediyo?"

"Ina raye na hana. Idan na mutu ku yi ta rawa har ƙafafunku su kumbura, ba ni zan ji ba."

Arcesio ya matso kusa da tebur. Ya ce, "To a sa mana mu taya ki zaɓe. Faifan cike yake, ko ba haka ba, magatakarda? Mu ji sauran."

Na dubi allon kwamfuta. Manhajar ta jero abin da ke cikin faifan daga sama zuwa ƙasa, lamba da tsawon lokaci kawai, babu suna ko ɗaya. Babu yadda zan gane wanne ne waƙa, wanne ne Nubia. Zai iya zama na biyu. Idan na ƙi kunnawa, Arcesio ya gane akwai abin ɓoyewa. Idan na kunna, ɗakin nan cike yake da kunnuwa.

Ermelinda ta ce, "Babu sauran da za a ji. Ta farkon nake so, na riga na zaɓa. Kompadre, mayar da ita, ka sa ta yi ta maimaituwa. Ina so in haddace ta kafin in tafi."

A ƙasan manhajar akwai wata 'yar alama ta kibiya mai lanƙwasa, ta maimaitawa. Ban taɓa amfani da ita ba, domin kiɗan makoki sau ɗaya ake sa shi. Na san dai tana da hali biyu: ko ta maimaita waƙa ɗaya, ko ta bi faifan duka sannan ta dawo farko. Na danna ta, ta canja launi. Na sake dannawa, wata 'yar lamba ta fito a jikinta, ƙarama har ban iya karanta ta sosai ba. Na kunna, kiɗan ya fito ta ƙananan lasifikokin kan tebur.

Arcesio ya miƙo hannu wajen linzamin, yana cewa shi ma ya iya wannan abin. Kafin yatsunsa su kai, Ermelinda ta kama wuyan hannunsa.

"Zo nan, ɗan banza. Tun kana yawo ba wando nake ba ka waina kyauta. Yau za ka biya ni da rawa."

Ta jawo shi tsakiyar ofis. Matar da gwiwoyinta ke ciwo, wadda ban taɓa ganin ta taka rawa ko a bikin aurenta ba, ta riƙe Arcesio tsam tana juya shi tsakanin teburina da kabad ɗin littattafai. Direbobi suna tafi. Mai aski yana cewa, "A hankali, Doña, kada ki mutu yau, ba mu shirya ba." Tana dariya, amma ina ganin yatsunta sun nutse a rigar Arcesio.

Ni kuwa idona yana kan ɗan layin da ke tafiya a ƙasan allo, mai nuna saura nawa waƙa ta ƙare. Na sa ƙafata a kan wayar wuta a ƙarƙashin tebur, da niyyar in fizge idan na ji abin da ba kiɗa ba, ko da yake na san kalma ɗaya ta Nubia ta isa, domin babu wanda bai san muryarta ba a ɗakin. Layin ya kai ƙarshe. Kiɗa ya ɗauke. Faifan ya yi ƙara a cikin kwamfuta yana neman wuri, ɗakin ya yi tsit, Ermelinda ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a gaba. Sai gangar farko ta dawo.

Haka muka yi ta yi. Duk ƙarshen waƙa sai wannan shirun ya zo, kuma bai taɓa yi mini sauƙi ba, don ban yarda da na'urar ba. A hankali mutane suka gaji. Matan burodi suka tuna da tanda, direbobi suka koma wajen motocinsu. Arcesio ya ƙwace kansa yana haki, ya share gumi.

Ya ce, "Ba ni aron faifan nan in sa a shago, Doña."

"Ka jira in mutu, na bar maka gado."

Ya dube ta na ɗan lokaci, babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Kin iya riƙe abu, Doña Ermelinda." Ya fita. Har yau ban san ko yabo ne ko gargaɗi ba.

Na kulle ƙofa, na jona abin sauraron na sa mata a kunne, na nuna mata inda za ta danna don wucewa gaba. Na koma bakin taga na juya baya. Na ji ƙarar dannawa sau ɗaya, sai ta tsaya. Na daɗe ban ji komai ba sai numfashinta. Da ta cire abin, ta naɗe faifan a takardarsa ta mayar cikin riga.

Ta ce, "Tana tari. Kullum sai na ce ta riƙa ɗaukar rigar sanyi."

Iyakar abin da ta gaya mini ke nan, ni ma ban tambaya ba. Saƙon Nubia shi ne na biyu a jerin, na gani a allo da na juyo, kafin ta cire faifan.

Daga ranar, kowace Talata takan zo ofis ta ce ta zo jin waƙar jana'izarta. Gari ya ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Yara suna rera waƙar idan ta wuce, direbobi suna yi mata fito da ita, ita kuwa takan ɗaga musu cokalin juya waina ta bi su da zagi. Ta bar su suna dariya har tsawon lokacin da Nubia ta yi a dutse, kusan shekara biyu. Duk wannan lokacin ban sake barin wayar hasumiya a jone ba, kuma duk sanda Arcesio ya gaishe ni a hanya sai in amsa in ƙara sauri.

Nubia ta dawo da ƙafarta wata safiya, a bayan motar gahawa, ta rame har sai da ta yi magana aka gane ta. Ta koma aikinta a asibiti. Uwar ta daina zuwa ofis ranar Talata, ta kuma koma kashe wa direbobi rediyo. Ba ta taɓa gyara labarin ba, domin mutanen dutse ba su yi nisa ba, Arcesio kuma yana nan da shagonsa.

Da ta rasu a makon jiya, mai aski, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya zo ofis da tawagar tsofaffin direbobi. Suka ce kowa shaida ne a kan waƙar da marigayiya ta zaɓa, kada in kuskura in sa kukan jaki. Na dubi Nubia. Ita ta san uwarta ta tsani wannan waƙar rawa fiye da kowace waƙa a duniya, ta kuma san dalili. Ta buɗe jakarta ta miƙo mini faifan, har yanzu a cikin takardar waina.

Ta ce, "Sa musu, baba Evaristo. Ta farkon kawai."

Na jona wayar hasumiya, na danna kibiyar sau biyu, na zauna da ƙafata a kan wayar wuta har aka fita da akwatin daga dandali.