Matasan Kai da Inna Tela Ta Farke

Kafin kayan jarirai na kanti su cika gari, duk macen da cikinta ya tsufa wurin Inna Tela take zuwa. Shagonta ɗaki ne ƙarami a cikin gidanta, keken ɗinki na ƙafa a bakin taga, buhun auduga a bayan ƙofa. Ita ke ɗinka 'yan matasai masu leshi, da bargo mai kauri, da dogayen matasan da ake kewaye gadon jariri da su. Ɗinki ne mai tsabta, irin wanda ba a yi yanzu.

Sai aka kawo wata sabuwar nas asibitin awo, ta riƙa gaya wa masu ciki: a kwantar da jariri rigingine, a kan katifa mai tauri, ba matashi, ba bargo mai nauyi. Ciniki ya tsaya cak.

Inna ta yafa mayafi ta tafi asibitin, ta sami nas ɗin a gaban mata.

"Ke ce mai raba ni da abincina? 'Ya'ya nawa kika haifa?"

"Ko ɗaya, Inna."

"To, ji mana! Ni da na raini rabin garin nan a kan audugata!"

"Inna, hancin jariri ƙarami ne. In ya nutse, ba ya iya ɗago kai."

Inna ta yi tsaki, ta fice.

Abin da ya fi ƙona mata rai, autarta ce ta haihu ta zo gida, ta kwashe kayan da uwar ta ɗinka wa jikar, ta tura ƙarƙashin gado.

"Sai ka ce 'yar fursuna!" in ji Inna. "Katifa kamar dakali. Ke a kan me kika girma?"

"Don Allah, Inna, ki bar mata gadonta yadda yake."

Wata rana da hantsi, bayan jaririyar ta fara koyon juyi, autar ta shiga wanka. Inna ta jawo matasan, ta jera su, ta kwantar da jikarta a tsakiya. "Yau kya san kina da kaka, ƙawata," ta ce, ta koma kan keke.

Tana taka keke tana jin gwarancin yarinyar. Can sai ta ji shiru. Ta leƙa. Yarinyar ta kife, fuskarta ta lume cikin auduga, ƙafafunta suna ta harbi, ba sauti. Inna ta fizgo ta. Yarinyar ta ja numfashi, ta tsala ihu.

Autar ta fito da kumfa a wuya, ta tarar da uwarta da almakashi tana farke matasan, auduga ta cika ɗaki.

"Inna, lafiya?"

"Rufe mini baki! Ɗauki 'yarki!"

Tun daga ranar zanin katifa mai roba take ɗinkawa, wanda ke kama katifa tam. Audugar ta koma kushin na kujera. In wata kaka ta zo neman matashin jariri, tun daga ƙofa Inna ke taso mata: "Kashe shi za ki yi? Fita mini daga shago!"

Nas ɗin kuwa, har gobe Inna ba ta gaishe ta.