Mai Facin da Ya Bi Bututu

A shekarar 2018 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas ta bayan garinmu, kuma a shekarar ce ƙanena ya bar wurin da ya zauna shekara ashirin da biyu.

Mai facin taya ne. Direbobi suna kiransa Likita, domin yakan ɗora kunne a jikin taya ya nuna inda ƙusa ta shiga tun kafin ya zuba ruwan sabulu. Wurinsa yana dab da ƙofar tashar mota: injin hura iska, rabin ganga cike da ruwa, liba uku na ɓalle taya, da bencin da direbobi suka goge da zama har ya yi sheƙi. Wurin ba shi da takarda. A ƙofar tasha, wanda yake zaune shi ne mai wuri, wanda ya tashi kuma ya tashi ke nan.

Ni kuwa na yi ritaya daga koyarwa, ina da lokaci, ina da jarida. Kullum sai na karanta labarin damar da aikin bututu zai buɗe wa ƙananan masu sana'a. Kamfanin ya kafa sansani a nisan kilomita ashirin daga gari, manyan motoci suna shiga suna fita ɗauke da bututu. Na je na gani da idona, na dawo na zarce tasha.

"Likita, kana nan kana fama da tayar tasi, alhali can taya ɗaya ta fi ka tsawo?"

Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Yaya, ni fa abin da nake gani, bututu binne shi ake yi a wuce. In sun binne, wa zai rage?"

Wani direba daga kan benci ya ce, "Malam, ka bar mana likitanmu mana! In ya tafi, kai za ka riƙa hura mana da baki?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na yi wa ƙanena bayani dalla-dalla, irin wanda na saba yi a gaban allo. Na ce duk inda aka kafa ma'aikata gari yakan tsiro, kamar yadda unguwa ta tsiro a kewayen makarantarmu. Shekara talatin da biyar ina aiki a ginin da bai taɓa motsawa ba, sai na ɗauka kowane wurin aiki haka yake. Shi kuma bai taɓa yi mini musu ba tun yana ƙarami. Ya ɗora injinsa a akori-kura, ya tafi.

Har ma na ƙara masa da cewa kada ya kafa rumfar kwano, ya yi ginin bulo, don kamfani ya san da gaske yake.

Gini ya kai tsayin taga sa'ad da na haɗu da wani tsohon ɗalibina a ƙofar sansanin, sanye da hular kwano. Yana cikin masu auna hanyar bututun. Ya rusuna ya gaishe ni, ya dubi ginin, ya rage murya.

"Malam, wannan na ƙanenku ne? Ai mu wata bakwai ya rage mana a nan. Sansanin bin bututu yake yi. In mun gama wannan yanki, ko fitila ba za mu bari ba."

A lokacin makon ƙanena biyar kacal da barin tasha. Direbobi suna tsare masa wurin da bencinsa, suna korar duk wanda ya zo da liba. Da na taka taku goma na faɗa masa, da a ranar ya koma. Yana can yana miƙa wa magini bulo, ya ɗago ya yi mini murmushi. Na tuna bakin da na buɗe a gaban direbobi, na ji nauyin a ce Malam ya yi kuskure. Na ce wa kaina ɗalibin nan dama bai cika fahimtar abu ba tun yana aji. Na yaba ginin, na hau mota, na koma gida.

Ƙanena ya samu aiki, ba laifi, na wata bakwai. Sannan aka kwance sansanin cikin mako ɗaya. Da ya komo tasha, ya tarar da wani mai faci a wurin, da sabon inji. Direbobin da suka gaji da jira suka gaishe shi suna kallon ƙasa. Bai yi rigima ba. Ya ɗauki bencinsa kawai.

Bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. In matarsa ta tayar da zancen, sai ya ce, "Yaya alheri ya nufa. Shi ma ai bai sani ba."

Yau yana faci a ƙofar gidana, a lungun da mota ba ta cika bi ba, yawanci babura da kekuna. Ginin bulon yana can babu rufi, kusa da turaku masu launin rawaya da suke nuna inda bututun ya bi. Kowace safiya nakan fito in zauna a kan bencinsa, kuma har yanzu ban gaya masa abin da ɗalibina ya gaya mini ba.