Zinariyar Sin da ke Wuyan Kaka

Cikin bazarar 1984, zamanin mulkin soja, Kaka ta sa haƙorinta ɗaya da ya rage ta tsinke zaren wuyanta, ta damƙa wa Baba zinariyar Sin. Haka muke kiran wani tsohon kuɗi mai huji mai kusurwa huɗu a tsakiya, da rubutu kamar inda kaji suka yi tono. Kakanta ne ya samo shi hannun wani alhajin Sin a Makka, kuma tun muna rarrafe ake gaya mana ranar da gida ya rasa komai shi zai fisshe mu. Ranar ta zo. Fari ya ƙone gonaki, mun cinye har irin shuka, akuyarmu ta rame, in ta yi atishawa sai ta faɗi.

Ni kuwa tuni na gama tallarsa a lakwal, makarantar bokonmu, na rantse wa yara zai sayi Tasawa da jakunanta har a ba mu canji. Na manne wa Baba muka taka daga Bawdeta zuwa kasuwar Tasawa, ina cin tuwo a zuci duk hanya. Maƙerin azurfa ya goga shi a dutse, ya shinshina. "Malam Idi, tagulla ce." Baba ya ce, "Sake dubawa don Allah, iri nake nema." Maƙerin ya girgiza kai. "Ko tiyar hatsi ba zai sai maka ba."

Da muka koma Kaka na bakin zaure tana jira. Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, sun ce ya fi ƙarfin kasuwar nan." Ta yi murmushin alfahari, ta sake zura masa zare. Damina ta faɗi, gonarmu ba a shuka ba. Baba ya tafi kudu ci-rani, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba.

Sai da na girma na karanta cewa narka tagulla Sinawa suke yi su zuba a mazubi, su fitar da irinsa barkatai, su jera dubu a igiya ɗaya. Ashe kuɗin cefanen talaka ne muka yi ta gadi. Wai zagayensa sama ce, hujin kuma ƙasa. A shekarar nan dai sama ba ta ba mu komai ba, ƙasa ma haka.

Yanzu yana wuyana. 'Ya'yana sun san tagulla ce, har dariya suke yi. Kaka kaɗai ta mutu da arziki a gidanmu.