Jajayen Takalman da Baba Ya Saya Min a Ras Al Khor

Ranar wata Juma'a ce a farkon Disamba, shekarar da nake aji biyar na firamare. A wancan lokacin Juma'a ce ranar hutu a Dubai, saboda haka ita ce ranar zuwa cocinmu. Da aka tashi daga sujada, Baba ya sa Mama da ƙanina Bitrus a bas ɗin unguwarmu, International City, ya kama hannuna ya ce ni da shi muna da aiki a Ras Al Khor. Muka sauka a unguwar da ko ranar hutu ba ka rasa warin baƙin mai da ƙarar walda, muka bi ta bayan garejin da yake aiki, har muka isa wani ƙaton sito na kayan gwanjo. A nan ake tara kayan Turawan da suka gama aiki suka koma ƙasarsu: firji, kujeru, kekuna, gadajen jarirai, tukwanen da murfinsu ya ɓata. Ina sanye da rigar coci mai leshi, ina tattare ta kada maiƙo ya taɓa. Can ƙuryar siton, bayan wani tsohon injin wanki, Baba ya jawo wasu jajayen takalma na roba mai tauri, kowanne da maɗauran ƙarfe huɗu. Ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne, sannan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Hannatu, halas, shi ke nan, mun samu."

Abin da ya kai mu can takarda ce da na kawo daga makaranta. Makarantarmu ta 'ya'yan masu ƙaramin albashi ce, yawancinmu 'yan Indiya da Pakistan da Filifin, mu 'yan Najeriya ba mu cika hannu ba. A wannan shekarar aka shirya wa ajinmu koyon wasan zamiya a kan ƙanƙara, a tudun ƙanƙarar nan da aka gina cikin wani babban kanti, sau ɗaya a mako har mako shida. Daga nan za a yi gwaji a zaɓi yara takwas, makaranta ta kai su wata ƙasa mai duwatsu inda ƙanƙarar daga sama take zubowa. Ba wurin masu hali ba ne. A hoton da ke jikin takardar ma ana ganin fentin masaukin da za a sauke yaran ya ɓaɓɓare, gadajen kuma masu hawa biyu ne. Baba ya juya takardar gaba da baya ya ce ai ba fenti za mu ci ba, in dai akwai abinci da bargo wurin ya yi. Ni kuwa na sa wannan tafiya a raina har abinci ya daina yi min daɗi.

Sai ka san Baba kafin ka gane abin da ya biyo baya. Gyaran na'urar sanyi ta motocin ɗaukar nama da kifi shi ne aikinsa, kuma a benenmu kaf babu wanda ya kai shi sanin kaya. Ɗaki ɗaya da falo muke zaune a hawa na uku, Mama tana ɗora turmi a kan filo in za ta daka yaji don kada maƙwabtan da ke hawan ƙasa da mu su kai ƙara, ni ke shanya wanki a baranda, ni ke sauka in taro mai kawo gorar ruwa. Da yamma mu yara mu zana gala-gala da alli a wurin ajiye motoci, mai gadi ya kore mu, mu jira ya juya baya mu dawo. A cikin wannan ƙunci, abin da Baba ke da shi na tinƙaho shi ne idonsa. Duk maƙwabcin da zai sayi fanka ko akwati ko na'urar dumama abinci a kasuwar 'yan China da ke kusa da mu, sai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, "Oga Yohanna, zo ka duba min." Baba zai sa silifas ya bi shi, ni ina biye, ya ja ɗinki, ya shinshina roba, ya juya abu ya duba bayansa, ya yi ciniki har mai shago ya fara rantsuwa da yarensu. Ban taɓa ganin ya tsaya ƙyam kamar yadda yake tsayawa a gaban masu shagunan nan ba. A wurin aiki shi mai cewa "to, ranka ya daɗe" ne, a kasuwa kuwa shi ake saurara.

A takardar makaranta an rubuta ƙarara cewa wurin zamiyar zai ba kowane yaro aron riga da wando da takalma da allunan zamiya, safar hannu da hular sanyi kawai iyaye za su saya. Baba ya karanta wannan layin ya yi tsaki. Ya ce shi da sanyi yake wuni, ya san abin da yake yi wa ƙafa, kuma 'yarsa ba za ta zura ƙafarta inda ƙafa ɗari ta yi gumi ba. Shi ya sa muka je siton. Na zauna a kan wani akwati na sa takalman, ƙafata ta shige kamar an jefa cokali a tukunya. Baba ya sa na ja ƙafar gaba, ya zura yatsunsa uku ta bayan diddigena, suka shiga ba tare da wahala ba, ya gyaɗa kai cikin jin daɗi. Haka ake saya wa yaro takalmi a gidanmu, haka aka saya masa a Kafanchan, haka kowane gidan da na sani yake yi: da girma, don ya kai baɗi da baɗin waccan, sannan ƙani ya gada. Takalmin makarantata ma da auduga a bakinsa nake sa shi. "Ƙafa tana girma, takalmi ba ya girma," in ji shi, yana naɗe su a leda. A hanya ya tsaya ya saya min safar hannu irin ta masu aikin ɗakin sanyi, mai kauri, ita kam ta fi ta kowa a ajinmu ɗumi.

Ranar darasin farko Baba ya roƙi ubangidansa awa biyu, ya zo da kayan aikinsa a jiki ya tsaya a bayan gilashin da iyaye ke kallo. Mai koya mana wata siririyar Baturiya ce, fuskarta duk ɗigo-ɗigo. Tana bin layi tana duba ƙafar kowa, da ta iso kaina sai ta durƙusa, ta ɗaure maɗauran har ƙarshe, ta ce in ɗaga diddige. Na ɗaga, ƙafata ta taso cikin takalmin, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Ta girgiza kai. Ta yi min bayani a hankali cewa wannan ba irin takalmin tafiya ba ne, dole ya kama ƙafa ƙam, domin ta cikinsa ƙafa ke gaya wa allon inda zai juya. Ta nuna min kantar da ake karɓar na aro ta ce in je in canza, ba a biyan komai. Na ɗaga kai na hango Baba ta gilashi. Ya ga malama ta durƙusa a gaban takalman da ya saya, ya ɗauka yaba su take yi, yana nuna wa mutumin da ke kusa da shi, yana dafa ƙirjinsa. Sai na ji bakina yana cewa safata ce ba ta da kauri, mako mai zuwa zan sa wata. Yara ashirin suna jiranta, ta dube ni ta miƙe ta wuce.

Daga nan na shiga wahalar da ban gaya wa kowa ba. Na sa safa biyu, na koma uku. Na yanka tsohon soson wanka na cusa a bayan diddige. Kafin darasi na biyu na koyi yadda zan tsaya a karkace in malamar ta zo wucewa don kada ta sake dubawa. A kan ƙanƙara, sauran yara su juya allunansu su bi, ni in juya ƙafa allon ya yi gaba abinsa, sai daga baya ya tuna da ni. Na koyi danne yatsun ƙafa in riƙe takalmin daga ciki, har farcen babban yatsana ya yi baƙi. Duk da haka ina cikin waɗanda malamar ke yabawa, domin ba ni da tsoro, kuma faɗuwa ba ta dame ni ba. Wata rana Mama tana shafa min mai ta ga ƙwabrina ya saɓule, ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya. Ta leƙa falo inda Baba ke goge takalman da tsumma kamar yadda yake yi duk mako, ta rage murya ta ce, "Saura mako biyu, ki daure. Kada babanki ya ji." Ban ga laifinta ba a lokacin. A gidanmu ba a cewa abin da uba ya sayo bai yi ba, sai dai a ce an gode.

Ranar gwaji aka hau da mu saman tudun a kujerun nan masu lilo, wurin da ba mu taɓa kaiwa ba. An kafa tutoci, kowa zai sauko yana kewaye su. Na hango gilashin can ƙasa, ban iya gane fuska ba, amma na gane shuɗiyar rigar aikin Baba. Malamar ta dafa kafaɗata ta ce, "Yalla," wato in tafi. Na wuce tuta ta farko da ta biyu lafiya. A ta uku gudu ya ƙaru, na juya da dukkan ƙarfina, soson ya zame, ƙafar dama ta murɗe a cikin takalmin yayin da allon ya ci gaba da tafiya. Na ji ƙarar a kunnena kafin in ji zafin. Na gangara a kan ciki har sai da raga ta tare ni, ƙanƙara cike da bakina. Abin da na fara tunawa a kwance a wurin, Allah ya sani, shi ne an gama, ba ni cikin takwas ɗin.

A ɗakin ba da agaji na wurin aka kwantar da ni, aka shigo da Baba yana haki. Wani ma'aikacin wurin ya kwance maɗauran, takalmin ya fita da kansa, safa uku da guntayen soso suka zubo a ƙasa. Malamar tana tsaye, idonta ya yi ja. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki takalmin ta jera shi da ƙafata mai lafiya, ta nuna wa Baba ratar da ke tsakani, ta ce da na aro na sa da wuya haka ta faru, kuma tun ranar farko ta gaya min. Baba ya dubi takalmin, ya dubi soson, ya dube ni. "Kin sani?" ya tambaye ni da Hausa. Na ce e. "Tun yaushe?" Na ce tun farko. Ya sunkuya ya tsince guntayen soson ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihun rigarsa, ya yi wa malamar godiya har sau biyu, irin godiyar da yake yi wa ubangidansa. A asibiti aka ce ƙashin idon sawu ya tsage, aka naɗe min ƙafar da filasta. A tasi har gida hannunsa yana kan kaina.

Yaran takwas suka tafi suka dawo da hotuna da labarin miyar kabejin da suka sha har ta ishe su. Na yi kuka na gaji, ƙafa ta warke, baƙin cikin tafiyar ma ya yi sauƙi kafin ƙarshen zango. Abin da bai warke ba yana gida. Ban san inda Baba ya kai takalman ba, ban kuma tambaya ba. Da lokacin sayen kayan Kirsimeti na gaba ya zo, sai ya ce Mama ta kai mu kasuwa, shi yana da aiki. Maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa zai sayi injin wanki, Baba ya fito ya ce masa, "Ka je da wanda ya sani." Mutumin ya yi dariya ya ɗauka wasa ne. Ya sake dawowa sau ɗaya, sannan ya daina, sauran ma suka daina. Ranakun hutu Baba ya koma zama a baranda yana kallon motoci. Sau da yawa na shirya maganar da zan yi masa, cewa don kada ransa ya ɓaci na ɓoye, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ga ai wannan ɗin ne ya fi yi masa ciwo: 'yar shekara goma ta ga kuskurensa ta ji tausayinsa, matarsa ma ta sani, shi kaɗai yana bayan gilashi yana dafa ƙirji.

Yanzu ni kaɗai na rage a Dubai, ina aikin ofis, ina haya a Abu Hail. Baba da Mama sun koma Kafanchan tun da aikinsa ya ƙare. Tudun ƙanƙarar yana nan, ina wuce shi in na shiga kantin, ban sake taka shi ba. Kwanakin baya na je sayen na'urar sanyaya ɗaki, abin da Baba ya yi shekara ashirin yana buɗe cikin irinsa. Na kira shi ta bidiyo daga shagon, na haska masa guda biyu, na ce wallahi na rasa wadda zan ɗauka, ya taimake ni. Ya matso da fuskarsa kusa da wayar, na ga idonsa ya tsaya a kan ta hagu, har leɓensa ya motsa. Sai ya ja baya ya ce, "Ki tambayi mai shagon, Hannatu, shi zai gaya miki gaskiya." Ya miƙa wa Mama wayar. Na tsaya a tsakiyar shagon da albashina a jaka, zan iya sayen duk biyun, amma babu mai zaɓa min. Da na sani, da tun a siton na ce masa sun yi min yawa.