Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗana na fari ya yi furfura yanzu, har ya aurar da 'ya'ya, amma ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Wasu sun ɗauka kunyar ɗan fari ce irin ta matan da, wasu kuma suka ce girmama mai sunan nake yi. Na bar kowa da abin da ya zata, don ba kowa za ka tsaya yi wa bayani ba. Maganar gaskiya, ƙyama ce. In sunan ya nufo bakina sai in ji kamar na tauna tsakuwa a cikin shinkafa.

A Tudun Wada aka kai ni aure, a shekarun nan da ba a wata hira sai ta mulkin kai. Maigidana yana jera haruffa a wani gidan buga littattafai, kullum ya dawo da tawada a farce da sabon labari a baki. Shi da abokansa, malaman makaranta da akawuna da 'yan reluwe, Musulmi da Kirista, sun kafa ƙungiyar samari, suna taruwa a zaurenmu suna raba ƙasa tun ba a miƙo musu ita ba. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Na yi makaranta daidai gwargwado, jaridar da ya shigo da ita sai na bi ta kaf kafin a naɗe ƙosai da ita. Mun yarda ƙwarai cewa ranar da namu suka karɓi ragama, duniya za ta miƙe tsaye ta gaishe mu.

Namun kuwa, a idon samarin nan, mutum ɗaya ne: wakilinmu a majalisar Ikko. Da can malamin makaranta ne, shi ya koya wa maigidana karatun boko. An ce har Ingila aka tafi da shi wajen maganar ƙasa. In muryarsa ta fito a akwatin rediyo, maigidana ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye.

Da cikina ya tsufa, sai ya ce mini in namiji ne sunan Wakili za a sa. Ni kuwa sunan mahaifina nake so, wanda ya rasu shekarar da aka yi mini aure, bai ga ko ɗakina ba. Na faɗa masa sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake yi a lokacin.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, na biyu na Baba ne. Wannan na riga na faɗa a gaban jama'a, magana har ta kai kunnensa."

Ban ja ba. In ban ɓoye ba, har wani ɗan alfahari na ji.

A bayan katangarmu akwai rijiyar unguwa. Ruwanta ba wani abin yabo ba ne, amma ba ta taɓa ƙafewa ba. Wakili ya yi alkawarin famfo, kuma ana saura kwanaki in haihu sai ga leburori. Suka rufe bakin rijiyar da siminti, suka kafa ƙarfe a kai, suka ɗaura masa kan famfo mai ruwan zinariya yana ta ƙyalli. Aka ce babban bututu yana nan tafe daga gari. Kafin ya iso, mata da 'yan mata suka koma ɗaukar tulu zuwa unguwar Gyallesu, amma ba wanda ya yi ƙorafi da ƙarfi. Ai ci gaba ne.

Na haifi namiji. Kashegari mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da rago fari fat, ƙato, ƙahonsa ya murɗe har biyu. Wakili ne ya aiko da ragon suna. Maroƙa suka biyo shi har tsakar gida, aka ɗaure shi a gindin gwaiba, unguwa ta yi ta zuwa kallo. Maigidana ranar ko tafiyarsa ta sake.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo daga cikin birni don ta yi mini wankan jego. Wanda bai san wannan wanka ba bai san cin ruwa ba. Duro guda ake ɗorawa a murhu, a cika shi, a tafasa da ganyen tsamiya, safe da yamma, a yi ta fyaɗa wa mai jego har sai ta ga taurari da rana. Ƙannen maigidana suka yi ta safarar ruwa daga Gyallesu har wuyansu ya sage. Gwaggo kuwa duk tulun da aka sauke sai ta harari katanga ta ce, "Ga rijiya a bayan ɗaki, an sa mata hula."

Ana jibi suna, da safe, Gwaggo ta fita hura wuta sai na ji salatinta. Murhu na nan, itace na nan, babu duro.

Ta ce, "Kai, ina tukunyar wankan yarinyar nan?"

Maigidana yana saka hula a gurguje, ya ce, "Gwaggo, aro na yi, aikin ƙasa ne. Kafin azahar zan dawo da shi."

"Ƙasar ce ta haihu?"

Ya fice abinsa. Ranar ce za a buɗe famfo. Wakili zai zo da baƙi daga waje, wasu daga ƙasar da yanzu ake kira Gana, wani daga Sudan, su ga yadda shugabanninmu ke shirin riƙe ƙasa.

Mai jego ba ta fita, amma ba wanda ya ce ba ta leƙe. Da na ji ganguna sai na kife turmi a jikin katanga na hau, Gwaggo tana riƙe da zanena tana zagina. Daga nan sama kuwa ina ganin abin da mutanen da ke kan kujeru ba sa gani. An kafa zana sabuwa a bayan famfon, wai ado. Gaban zana ga Wakili cikin babbar riga, ga baƙi, ga 'yan makaranta suna waƙa, ga mata sun jera tuluna. Bayan zana ga durona a kan tubala, da guntun tiyo ya ratsa ta ƙarƙashi zuwa gindin famfo. Ga maigidana, mai raba ƙasa a zaure, ya naɗe hannun riga yana juye bokiti a ciki, abokansa biyu suna miƙo masa.

Ya ɗago kai muka haɗa ido. Shi ya fara kawar da nasa.

Wakili ya yi jawabi mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce ƙasar da ta iya kawo ruwa har ƙofar talaka ta isa ta riƙe kanta. Aka yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Ya tara kofi ya miƙa wa babban baƙon, wani dogo mai tabarau.

Abin da maza ba su sani ba, duron jego ba ya rabuwa da ganye a gindinsa. Ba wanda ya yi tunanin ɗauraye shi. Baƙon ya kai kofi baki, ya tsaya, ya sa yatsa ya tsamo 'yan ƙananan ganyen tsamiya da suka dahu lugub. Ya sansana. Kafin nan ganyen ya toshe famfon, ruwa ya koma ɗiga, ya ɗauke. Wakili ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Sai ya juya wajen zana, da murmushinsa a fuska, ya ce ta gefen baki, "Kai, ku ƙara ruwa mana!"

Baƙon ba ya jin Hausa, amma ya ga inda aka juya. Ya taka a hankali ya zagaya zanar. Ya tarar da mijina riƙe da bokiti.

Na zaci za a yi tashin hankali. Ina ma an yi. Mutumin dariya ya yi, irin wadda ake yi wa yaro in ya sa takalmin ubansa. Ya yafito 'yan uwansa, suka zo suka leƙa durona, ɗaya ya ɗauki hoto. Ni a kan turmi na ji kamar ni aka kwance wa zane a kasuwa. Amma abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne Wakili. Ko gezau. Ya shiga dariyar tare da su, ya dafa kafaɗar dogon yana wani bayani da Turanci, suka nufi motoci za a je cin abinci. 'Yan doka suka kori matan da ke layi, suka watse da tulunansu ba ko ɗigo.

Da la'asar maigidana ya gangaro da duron cikin gida. Gwaggo ta karɓa ba ta ce masa ko sannu ba. Ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado, ya kasa duban jaririn.

Ya ce, "Sai da safen nan aka gaya mana. An ce ruwan gaske yana tafe, wannan don kada ƙasa ta ji kunya a gaban baƙi."

Na ce, "To, ta ji ko ba ta ji ba?"

Can ya ce, "Wakili bai ko dube ni ba da zai shiga mota."

Na ce, "Malam, ka mayar masa da ragonsa. Ko ɗan akuya ne a yanka, a sa wa yaron nan sunan Baba."

Na ba shi hakkinsa, ya gwada. Ya fita ya kwance igiyar ragon, ya ja shi har zaure. A nan ya ci karo da baffansa, wan mahaifinsa, wanda shi ne babba a gidan, da wasu dattawa biyu. Ina jin su ta taga.

Baffa ya ce, "Ina za ka da shi?"

"Zan mayar ne, Baffa."

"Ka mayar? Rago ya shigo gida, ya kwana, ya ci dusarmu, an raba goro, an gaya wa liman suna, sannan ka mayar? A ina ka taɓa jin an yi haka? Kyautar babba ba a mayar da ita sai in gaba kake nema. Kai kaɗai ne a gidan nan?"

"Baffa, ai kun ga abin da ya yi yau."

"Mun gani. Ruwa ne bai zo ba, ba mutuwa aka yi ba. Mayar da shi gindin gwaiba."

Na ji takun ragon ya dawo tsakar gida. Ban taɓa tsanar dabba ba sai ranar, alhali shi ba ruwansa.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida. Ina zaune da yaron a cinya na ji an yi fatiha, sai maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, ya maimaita, ya haɗa da kirarin mai shi. Mata suka cika ɗakin da guɗa. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba, ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce, "Allah ya raya mana Baba." Daga bakinta na ɗauka, tun ranar nake ce masa Babana. Da aka kawo mini gasasshen naman ragon da yaji, wanda hakkin mai jego ne, na ture kwanon. Har aka cinye shi ban ɗanɗana ba.

Kan famfon bai yi mako ba aka zo aka kwance shi. Daga baya wani ɗan reluwe ya ce ya gan shi, ko ɗan uwansa, ana buɗe shi a wani gari da ganguna. Babban bututu bai zo ba. Samarin zaurenmu da kansu suka ɗauko guduma da rana tsaka suka fasa simintin, muka koma guga. Zaurenmu ya yi ta raguwa har ya zama sai mutum biyu uku, su ma hirar ƙwallo suke yi. In muryar Wakili ta fito a rediyo, maigidana sai ya tashi ya kama alwala ko lokaci bai yi ba.

Da yayana mai fataucin goro ya dawo daga Kumasi, ya kawo mana ƙarashen. Ya ce labarin famfon ya riga shi isa zangon Hausawa a can. Da, in ka ce daga Nijeriya kake, bakinka kaɗai ya isa a ba ka kaya bashi. Yanzu duk abin da ba ya aiki sai ana kallo, agogo ne ko fitila ko bara, sai su ce famfon Nijeriya ne, su kwashe da dariya suna dubanka. Ya ce ya yi faɗa a kan haka har sau biyu, sannan ya gaji. Ban gaya masa duron waye ba.

Da zaɓe ya sake zagayowa, Wakili ya tuna yana da takwara a Tudun Wada. Ya tsaya a ƙofar gidanmu da jama'arsa, aka fito masa da yaron, lokacin ya fara surutu. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Yaya sunanka?" Yaro ya ce, "Baba." Wani ya raɗa masa cewa a gidan nan ba mai iya kama sunan. Sai ya juya ga taro, fuska cike da jin daɗi, ya ce, "Kun ga tarbiyya? Don girmamawa ko sunana ba sa iya faɗa." Aka yi tafi. Ina bayan ƙofa, na tofar da yawu.

Ranar da aka kai yaron makaranta, malami ya kira sunan har sau uku bai amsa ba, don bai san shi ba. Ya sha ranƙwashi. Ya dawo gida yana shafa kai, ya same ni ina jan ruwa a rijiyar nan, ubansa yana zaune a gefe.

Ya ce, "Inna, wai sunan wa suke kira na da shi?"

Na dubi ubansa. Ya sunkuyar da kai yana kankare tawada a farcensa.

Na ce, "Sunan wani ne da ya taɓa kawo mana rago. Ka amsa musu a makaranta, amma in an tashi ka bar shi can. Kada ka shigo mini da shi gida."